Inji Ɗaya, Mutum Biyu

Litinin, 3 ga Maris

Yau ma an mayar da Yaya gida ba a yi masa wankin ƙoda ba. Karo na biyu ke nan. Ya tashi da wuri, ya hana kansa ruwa, ya shiga mota ƙafafu a kumbure kamar an hura su, ya isa cibiyar, sai ga wani dattijo kwance a gadon injin da aka rubuta masa. Kwamfuta ta ba su inji ɗaya, lokaci ɗaya, su biyu. Sista, babbar nas ɗin wurin, ta ba shi haƙuri ta ce ya dawo jibi.

Abin da ke ci mini rai, manhajar da ta yi wannan aika-aika tamu ce. Kamfaninmu ne ya rubuta ta. Kuma ni ce da bakina na kai musu talla lokacin da Yaya ya fara zuwa wurin. Na ce su bar takarda, su zo mu ɗora su a kan kwamfuta. To ga shi nan na ɗora su.

Da na je duba shi da yamma, yana zaune a shagonsa kusa da keken ɗinki, ba ya iya taka shi. Wai har da zolaya. "Injiniya, kwamfutarku ta haɗa ni gado da wani tsoho, ko gabatar da mu ba a yi ba." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Matarsa ta ce a zaune yake barci kwanan nan, in ya kwanta numfashi ba ya fita.

Ban yi dariya ba. Ba za a yi na uku ba, ko da zai ci aikina.

Talata, 4 ga Maris

Na gano inda ɓarnar take tun kafin shayina ya huce. Ba wani abin mamaki ba ne.

A cikin manhaja hannuwa da yawa ke aiki lokaci guda, mu muna ce musu zare. Sista na neman gurbi daga teburinta, zare ɗaya ke nan. Wani majinyaci na nema ta wayarsa a daidai wannan lokacin, zare na biyu. Dukansu suka leƙa jadawali: inji na huɗu babu kowa ranar Litinin? Babu kowa. Dukansu suka rubuta. Na baya ya rufe na farko, amma kowa ya riga ya tafi da takardarsa yana murna.

Na kai maganar taron safe. Mai Kwaɗo yana nan, hannu a aljihu. Shi ne babba a cikinmu, shi ya rubuta manhajar tun farko, kuma maganin kowace cuta a wurinsa ɗaya ne: a sa kwaɗo. Wato duk zaren da zai bi ta wata ƙofa a cikin kod, rubutun da ke tafiyar da manhaja, ya kulle ta bayansa har ya gama. Sunan ma daga nan ya samo shi, kuma yana amsawa. Ya dubi allo ya ce, "Ƙofar waya ce sabuwa, an manta ba a sa mata ba. A ƙara kwaɗo a nan, shi ke nan."

Na ce ba shi ke nan ba. Na ce ƙofofi muke ta gadi, mun bar abin da ke cikin ɗakin ba mai shi. Gobe a buɗe wata ƙofar, a sake mantawa. Jadawalin nan a yi masa mai shi guda ɗaya: zare ɗaya tak da ke taɓa shi. Duk mai buƙata ya aika masa saƙo ya shiga layi. In ka tambaye shi me ke ciki, ya ba ka hoton abin, ka duba ka ajiye, ba ka da ikon canzawa. In aka yi haka, ta ina mutum biyu za su rubuta lokaci guda?

Ya yi murmushin nan nasa mai ban haushi. "Ƙanwata, a allo komai kyau yake yi."

Oga, shugabanmu a kamfanin, ya dubi agogo ya ce a sa kwaɗon. Aka tashi.

Ƙanwata. Ni ba ƙanwarsa ba ce, ina da yayana, kuma yana can ba ya iya kwanciya.

Laraba, 5 ga Maris

An yi wa Yaya wanki. Ya ci abinci sosai, ya ce a dawo masa da rigar da ya bari rabi.

Litinin, 10 ga Maris

Allah ya gani ban yi fatan haka ba, amma kuma ban yi baƙin ciki ba, ƙarya ba ta da amfani a nan.

Sabon kwaɗon ya haɗu da wani tsoho. Zare ɗaya ya riƙe kwaɗon jadawali yana jiran na sunayen majinyata, wani ya riƙe na sunaye yana jiran na jadawali. Suka yi cirko-cirko, babu mai saki. Manhaja ta daskare duk safiya, a reshen cibiyar da Yaya ke zuwa da ɗaya reshen da ke can ƙetaren gari. Sista ta kira Oga da kanta. Ban ji me ta ce ba, amma na ga yana nisanta wayar daga kunnensa.

Bayan azahar ya kira ni ofis. Ya ce, "Wannan abin naki na mai shi ɗaya, za ki iya kafin ƙarshen wata?" Na ce zan iya. Ya ce in ya yi, aikin cibiyar ya zama nawa. In bai yi ba, manhaja ta koma hannun Mai Kwaɗo, ni kuma in koma teburin amsa wayar masu ƙorafi. Ya faɗa yana kallona, ko zai ga na karaya.

Na ce ina da sharaɗi. Babu wanda zai sa ko ɗigo a kod ɗina sai na amince. Na san su, ina juya baya za a maƙala mini kwaɗo a wani lungu. Oga ya ce, "Ke dai kin cika rigima." Amma ya yarda. A gabansa na shiga ma'ajiyar kod na saita: gyara ba ya shiga sai da sunana, ni kaɗai.

Da na fito Mai Kwaɗo yana gyara tabarau. Ko dubana bai yi ba. Gara haka.

Laraba, 12 ga Maris

Na raɗa wa zaren nan nawa suna, Mai Jadawali. Ya fara numfashi yau. Saƙo ya zo, ya duba, ya rubuta, ya amsa, na gaba ya matso. Ba gudu, ba ture-ture. Na zauna ina kallon layukan suna wucewa a allo kamar mai kallon jaririnta yana barci.

Na cire kwaɗo bakwai. Kowanne da na goge sai na ji wani sanyi a ƙirjina.

Juma'a, 14 ga Maris

Akwai abin da ya daɗe yana damuna. Duk sau biyun da aka mayar da Yaya, da an sanar da shi tun yana gida da bai sha wahalar hanya ba. Tsohuwar manhajar tana tura tes, wato saƙon waya, in ta ga dama, in bai je ba babu wanda ya sani.

To nawa ba haka zai yi ba. Na sa Mai Jadawali ba zai ce an gama ba sai kamfanin da ke tura mana tes ya amsa cewa saƙo ya fita zuwa wayar majinyaci. Ya rubuta gurbi, ya tura tes, ya ji amsa, sannan ya ɗauki na gaba a layi. Ba gurbin da zai wanzu mai shi bai sani ba. Wannan sashen don Yaya na rubuta shi, kuma shi na fi so a duk aikin.

Asabar, 15 ga Maris

Gidan Yaya. Na je da kwamfuta, na buɗe ta a kan teburin yankan yadi. Ya bar ni na ɗan jima sannan ya ce, "Auta, ni kika zo dubawa ko wannan akwatin?" Na ce don kai nake yi. Ya ce, "Na sani. Amma fuskarki nake so in gani, ba bayan murfinta ba."

Na rufe. Muka yi hirar Baba, yadda yake auna mutum da ido ya yanka yadi ba tare da ya ɗauki tef ba, wani lokacin kuma rigar ta fito kamar buhu amma ya rantse jikin mutumin ne ya canza. Yaya ya yi dariya har hawaye. Ya rame ƙwarai. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, shi da ya ɗinka ta da hannunsa.

Ina tsoro. Na rubuta a nan don ba zan faɗa wa kowa ba.

Talata, 18 ga Maris

Mai Kwaɗo ya zo teburina da kofi biyu na shayi. Ya ajiye mini ɗaya. Ya ce ya karanta aikina. Wa ya sa shi? Ya ce, "Ya yi tsabta, ban yi zaton zai yi haka ba. Amma akwai wuri ɗaya, inda kika sa..."

Na ce Malam, na gode da shayi.

"Ki bari in ƙarasa mana."

Na ce lokacin da nake magana a taro an bar ni na ƙarasa? Ya tsaya kaɗan, ya ɗauki nasa kofin ya koma. Na san na yi kaushi. To sai me? Mutumin da manhajarsa ta mayar da yayana gida sau biyu ne zai koya mini inda zan sa ƙafa?

Shayin ya yi daɗi, wannan kam ba zan hana shi ba.

Laraba, 19 ga Maris

Ya turo gyara ta ma'ajiya, yana jiran amincewata. Ko buɗewa ban yi ba. Na san abin da ke ciki: kwaɗo, da ɗan kwaɗo, da jikan kwaɗo. Na bar shi nan ya bushe.

Juma'a, 21 ga Maris

Gwaji. Na sako wa Mai Jadawali dubban buƙatu na ƙarya lokaci guda, duk suna rububin inji ɗaya. Mutum ɗaya ya samu, sauran aka ce musu a nemi wani gurbin. Na maimaita har na gaji. Ko sau ɗaya bai ba mutum biyu ba.

Kamfanin tes na wasa na sa a gwajin, wanda ke amsawa nan take. Ai ba zan cika wayoyin marasa lafiya da saƙonnin gwaji ba.

Oga ya tsaya a bayana yana gyaɗa kai kamar ya gane. Ya ce Litinin a ɗora. Na je cibiyar da kaina na roƙi Sista abu ɗaya: daga Litinin kada kowa ya ƙara rubuta gurbi a takarda a gefe. Rubutun gefe ƙofa ce ta biyu, kuma ƙofa ta biyu ce ta kawo mu nan. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "'Yata, in abin naki ya tsaya fa?" Na ce ba zai tsaya ba, Sista. Ta ce, "Haka wancan ma ya ce."

Litinin, 24 ga Maris

An ɗora. Lafiya lau.

Alhamis, 27 ga Maris

Kwana huɗu, ba karo ko ɗaya. Yaya ya nuna mini tes ɗinsa yana cewa, "Yanzu kam ni kaɗai nake kwana a gadona." Matarsa ta kai masa duka da gefen mayafi.

A ofis na shiga ina taku ɗai-ɗai. Mai haɗa mana shayi ma ta ce yau Injiniya ƙasa ba ta ɗaukar ki. Na ce a bar ni in sha iska, na daɗe ina haɗiye.

Mai Kwaɗo ya tare ni wajen firinta. Bai yi dogon bayani ba, ya ga yadda ta kaya wancan karon. Ya ce, "Tambaya ɗaya. In kamfanin tes ya yi nawa wata rana fa?" Na ce tun da muke da su ba su taɓa yi ba. Ya ce, "To Allah ya sa." Na ce amin, na wuce.

Wato mutum ba zai iya cewa kin yi ƙoƙari ya yi shiru ba. Dole sai ya nemo ƙura a ƙarƙashin tabarma.

Litinin, 31 ga Maris

Ƙarshen wata. Oga ya ce aikin cibiya nawa ne. A gaban kowa ya faɗa. Teburin amsa waya ya nemi wata.

Jibi zan raka Yaya, matarsa za ta kai ƙaramarsu rigakafi. Na yi masa alkawarin ba zan zo da akwatin ba.

Laraba, 2 ga Afrilu

Dole sai na rubuta wannan.

Mun isa da wuri. Yaya tun a mota ba ya son magana, yana jan numfashi da baki, ya ce ruwa ya taru masa sosai wannan karon. Muka tarar injin da aka ba shi ya lalace tun safe, mai gyara ya buɗe cikinsa. Sauran duk da mutane a kai, kuma kowa da mai jiransa. Sista ta ce ba komai, za ta duba reshen ƙetare, in da gurbi a kai shi can.

Ta danna. Ɗan zoben nan ya fara juyawa a allo. Ya yi ta juyawa.

Ta sake dannawa. Ta kira reshen ƙetare, suka ce su ma tun ɗazu haka yake, ga mutane a tsaye, ba su san inji nawa aka riga aka ba wa wasu da rana ba, ba za su ce a kawo shi ba a zo a rasa inda za a sa shi. Babu takarda a gefe. Ni na hana.

Sista ta dube ni. Ta dai juyo da allon ya fuskance ni, ta tafi ta sa wa Yaya iskar numfashi.

Na san Mai Jadawali ne. Ko tambayar me ke cikin jadawali ta layinsa take bi. Na laluba jaka, babu kwamfuta. Ofis yana can wani ƙarshen gari, ga cunkoson safe. Kuma ko duk ofis ɗin sun taru ba mai iya sa gyara, ni na kulle da sunana. Na tsaya tsakanin ƙofa da kujerar Yaya na rasa inda zan nufa. Ya kama gefen rigata. Bai ce kada ki tafi ba, riƙewa kawai ya yi.

Sai waya. Mai Kwaɗo.

Bai gaishe ni ba. Ya ce, "Kamfanin tes ya tsaya. Mai Jadawalinki ya tura saƙo yana tsaye yana jiran amsa, duk duniya ta yi layi a bayansa." Na ce na sani. Ban sani ba sai da ya faɗa, amma na ce na sani. Ya ce, "Gyaran yana nan tun ranar da na turo. Na sake gwada shi yanzu a kan kod ɗin yau. Ki shiga ta waya ki danna amincewa, ni zan ɗora."

Na ce kwaɗo nawa ka sa a ciki?

"Ko ɗaya."

Na ce ban yarda ba.

Ya ce, "Ƙanwata, ki yi faɗa da ni gobe, ina nan ba inda za ni. Yayanki yana wurin?"

Na buɗe a waya. Rubutun ƙanana, layi a kan layi, idona ya cika da ruwa ba na ganin komai. Tunda na fara aiki ban taɓa amincewa da abin da ban karanta ba. Ina ma zagin masu yin haka. Na dubi Yaya, leɓɓansa sun canza launi, yana ƙoƙarin yi mini murmushi ta cikin robar da ke fuskarsa.

Na danna.

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Na dai ji Sista ta ce, "Ya motsa." Akwai gurbi a ƙetare, inji na biyu. Ta rubuta sunansa, ya shiga nan take. Motar cibiyar ta kai mu. Ina riƙe da hannunsa har aka sa masa allura, jini ya fara zagayawa a cikin robobi. Can ya yi barci. A kwance.

Na fita baranda na yi kuka mai isata. Wata mai shara ta miƙo mini ruwa.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Na karanta gyaran nasa, layi-layi, ina neman abin da zan kama.

Babu kwaɗo. Ya cire tura tes daga hannun Mai Jadawali ya ba wani zare dabam mai nasa layin. Mai Jadawali ya rubuta gurbi, ya jefa wa wancan saƙo, ya wuce. In kamfanin tes ya mutu, wancan ne zai zauna yana sake gwadawa, kuma yana nuna wa nas sunayen waɗanda saƙo bai kai gare su ba don a kira su. Sannan ya raba Mai Jadawalin kansa: kowane inji da mai shi. In na inji ɗaya ya sami matsala, sauran ba ruwansu.

Wato tsarina ne. Hanyata ya bi tun daga farko har ƙarshe, ko taku ɗaya bai kauce ba. Ni na kawo ta gidan nan ana yi mini dariya, wannan kam ba mai ƙwace mini. Kawai dai...

Sunayen da ya ba abubuwa ba su da daɗi. Zan canza su.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Taro. Oga ya shigo fuska a ɗaure, Sista ta sake kiransa. Ya ce wa zai yi masa bayani. Na buɗe baki, Mai Kwaɗo ya riga ni. Ya ce tun da aka ɗora sabon tsari ba a ba mutum biyu inji ɗaya ba, ko a ranar da ya tsaya. Ya ce nasa da ya tsaya sai da aka kashe komai aka tayar, wannan kuwa waya ɗaya aka zare aka mayar wani wuri. "A bar mata aikinta."

Ban nemi ya kare ni ba. Na ce wa Oga tes ɗin ni na sa shi a wurin, kuma da dalilina. Oga ya ce dalilin fa? Na ce nawa ne. Ya dube ni, ya dubi Mai Kwaɗo, ya ce mu biyun mun ishe shi, a tashi.

A hanyar fita na ce masa, Malam, sunayen nan naka sai an gyara. Ya ce, "Ki gyara mana, kod ɗinki ne."

Na kira Sista na ce ta riƙa buga jadawalin gobe a takarda kowace yamma ta ajiye a aljihun tebur. Na dubawa ne kawai, ba na rubutu ba. Ta ce, "Ashe." Kalma ɗaya, amma ta fi mari zafi.

Asabar, 5 ga Afrilu

Yaya yana kan keke, yana taka shi a hankali. Ya miƙo mini wayarsa. Tes ɗin ranar Laraba sai jiya ya iso: an ba ka inji na biyu a reshen ƙetare, ka hanzarta. Ya ce, "Injiniya, in tafi yanzu ko in gama wannan hannun rigar?"

Na ce ka ji da shi.

Ya tambaye ni wane ne mutumin da ya kira ni a waya ranar. Na ce wani ne a ofis, mai taurin kai. Ya ce, "Kai, ashe ku biyu ne." Ya ce in auno masa kafaɗar mutumin da ido, zai yi masa riga. Na ce ni ba na kallon kafaɗar kowa.

Kafaɗarsa za ta kai faɗin ta Baba, ina jin. Ya ɗan fi shi tsawo.

Litinin, 7 ga Afrilu

Na shiga ma'ajiya da safe na canza saitin. Yanzu suna biyu ne a kai, kuma wanda ya rubuta gyara ba shi ke amincewa da nasa ba. Ba don wani abu ba. Ina iya yin zazzaɓi, waya tana iya faɗawa ruwa, tsari ne kawai. Ban sanar da kowa ba, zai gani da kansa.

Na gyara sunayen nan na tura masa. Ɗan ƙaramin aiki, ko makaho ya duba ya wuce. Tun safe yake kansa. Ina hango shi daga nan, ya tura tabarau goshi, yana karantawa kamar wasiƙar kotu, har da rubutu a gefe. Wallahi da gangan yake yi.

Ni ce mai ma'ajiyar. Maɓallin tsallake shi yana nan a gabana, ja, dannawa ɗaya ne.

Laraba Yaya yana inji na huɗu.

Na haɗa shayi kofi biyu. Ni ma ina layi, ina jiransa.